U-30 da Nutsewar Athenia: Wanda Ya Harba da Waɗanda Suka Rufa Masa Asiri

A ranar 3 ga Satumban 1939, da ƙarfe 11 na safe, wa'adin da Birtaniya ta ba Jamus na ta janye sojojinta daga Polan ya cika, ƙasashen biyu suka shiga yaƙi. Kafin a yi sa'o'i tara, wani jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai lamba U-30 ya harbi Athenia, jirgin fasinja mai ɗauke da mutum 1,418, a arewa maso yammacin tsibirin Ailan. Shi ne jirgin Birtaniya na farko da Jamus ta nutsar a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila.

Har gobe labarin nan yana zuwa wa mutane a cakuɗe. Akwai masu cewa Turawan Ingila ne da kansu suka dasa bam a jirgin don su jawo Amurka cikin yaƙin. Akwai masu ɗauka cewa Hitila ne ya ba da umarnin a fara da kashe farar hula. Wasu kuma suna zaton U-30 shi ne jirgin da aka kama da na'urar sirrin nan ta Enigma. Kowace magana a cikin ukun tana da inda ta samo tushe, kuma duk ba daidai ba ne. Bin tarihin jirgin daga ranar da aka ƙera shi zuwa ranar da masu shi suka nutsar da shi da hannunsu shi zai warware su.

Kalmomin da za a riƙa cin karo da su

Jirgin ƙarƙashin teku jirgin yaƙi ne da ke iya nutso ya yi tafiya a cikin ruwa ba a gan shi ba. Jamusawa suna ce masa Unterseeboot, wato kwale-kwalen ƙarƙashin teku, kuma daga harafin farko na wannan kalma aka samo "U" ɗin da ke gaban lambar kowane jirgi nasu. Ba sa raɗa musu suna, lamba kawai suke ba su. An yi wani U-30 a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne na zamanin Hitila.

Tofido makami ne dogo mai kama da ƙaton bututu, da inji da farfela a bayansa, da nakiya a gabansa. Ana harba shi ta cikin ruwa ya je ya daki cikin jirgi a ƙasan inda ruwa ya tsaya, shi ya sa guda ɗaya kan isa ya nutsar da jirgi mai girma.

Ka'idar ganima ita ce dokar ƙasa da ƙasa da ta tsara yadda jirgin yaƙi zai yi da jirgin kasuwa na abokan gaba. Dole ya tsayar da shi, ya bincika takardunsa da kayansa, ya tabbatar mutanen ciki sun samu mafaka, sannan ya nutsar da shi. Dokar ta ma ƙara da cewa zuba mutane a kwale-kwalen ceto a tsakiyar teku ba mafaka ba ce, sai in akwai tudu kusa ko wani jirgin da zai kwashe su. An rubuta wannan a yarjejeniyar Landan ta 1930, aka sake jaddada shi a 1936, Jamus kuma ta sa hannu a wannan shekarar.

Jirgin fasinja mai makami shi ne wanda rundunar ruwa ta karɓe daga hannun kamfani, ta girka masa manyan bindigogi, ta zuba masa sojoji. Da zarar an yi haka ya zama jirgin yaƙi, kuma ya halatta a harbe shi ba gargaɗi. A kan wannan gaɓar gardamar Athenia take.

Ayari kuwa tsari ne na tara jiragen kasuwa da yawa su tafi tare, jiragen yaƙi na yi musu rakiya, kamar yadda fatake kan haɗu su bi madugu ɗaya saboda 'yan fashin hanya. Sai kuma tan: idan an ce jirgin kasuwa tan dubu kaza ne, ana nufin faɗin cikinsa, wato abin da zai iya ɗauka.

Yadda Jamus ta mallaki abin da aka hana ta

Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta hana Jamus ƙera jirgin ƙarƙashin teku ko sayensa, saboda ɓarnar da irin waɗannan jirage suka yi a yaƙin farko. Jamusawa suka zagaye dokar. A 1922 suka buɗe wani kamfanin zane-zanen jirage a Holan, wanda a fili kamfanin kasuwanci ne, a ɓoye kuma rundunar ruwan Jamus ke riƙe da shi. Ya zana wa Finlan da Turkiyya jirage, aka ƙera wani a Sifen, injiniyoyin Jamus suna ta goge hannunsu da kuɗin wasu.

Saboda haka lokacin da Birtaniya ta amince, a yarjejeniyar 18 ga Yunin 1935, cewa Jamus za ta iya sake mallakar waɗannan jirage, komai a shirye yake. Kwana goma sha ɗaya bayan sa hannu aka ƙaddamar da U-1. Shi kuwa U-30 tun ranar 1 ga Afrilun 1935 aka ba da kwangilarsa, wato wata biyu da rabi kafin a sami izinin. Kamfanin AG Weser na birnin Bremen ya fara aikinsa a Janairun 1936, aka tura shi ruwa a watan Agusta, ya shiga aiki ranar 8 ga Oktoba.

Yana cikin jirage goma na farko na samfurin da ake kira na bakwai, daga U-27 zuwa U-36. Wannan samfuri ne ya zama ƙashin bayan rundunar, har aka ƙera kimanin 700 kafin yaƙin ya ƙare. Tsawon U-30 mita 64 da rabi ne. A saman ruwa injinan dizal ke jan sa, yana gudun kilomita 31 a awa. In ya nutsa sai ya koma kan batir, gudun ya ragu zuwa kilomita 15, shi ma na ɗan lokaci kafin batirin ya mutu. Wannan na nufin yawancin rayuwarsa a saman ruwa yake yin ta, nutso sai in zai kai hari da rana ko zai ɓuya. Yana ɗaukar tofido 11, da babbar bindiga ɗaya a bisa.

Mutum arba'in da 'yan kai ke zaune a cikinsa. Gadaje ba su kai yawan mutane ba, wanda ya tashi aiki shi ke kwanciya a inda wani ya tashi yanzu, da ɗumin jikinsa. Ana rataye nama da burodi a tsakanin bututu, danshi ya sa burodin ya yi funfuna cikin 'yan kwanaki, sai a yanke bayansa a ci cikin. Ruwan daɗi na sha ne da girki, ba na wanka ba. Kwamanda kuwa in jirgi yana ƙasa, duk abin da ya sani game da duniyar waje ta madubin leƙe yake ganinsa, wani siririn bututu da ake ɗagawa ya ɗan fito saman ruwa, igiyar ruwa na wanke gilashinsa. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan, domin ta irin wannan madubi aka kalli Athenia.

A Nuwamban 1938 aka ba Fritz-Julius Lemp jagorancin jirgin. Ɗan soja ne, an haife shi a 1913 a Tsingtau da ke ƙasar Sin, lokacin tana hannun Jamus. Shekararsa 26 sa'ad da yaƙi ya ɓarke.

Yammacin 3 ga Satumba

Jamus ta shiga yaƙin da jiragen ƙarƙashin teku 57 kacal, waɗanda za su iya aiki a Tekun Atlantika ba su kai rabi ba. Shugaban rundunar waɗannan jirage, Karl Dönitz, 300 ya so a ba shi. An tura waɗanda ke akwai su je su yi jira tun kafin a harba harsashi ko ɗaya. U-30 ya bar tashar Wilhelmshaven ranar 22 ga Agusta. Umarnin da aka ba kwamandoji a rubuce shi ne su bi ka'idar ganima. Dalilin ba tausayi ba ne. Hitila yana fatan in ya gama da Polan, Birtaniya da Faransa za su nemi sulhu, kuma manyan hafsoshinsa ba su manta da Lusitania ba, jirgin fasinjan da aka nutsar a Mayun 1915 da rayuka kusan 1,200, ciki har da Amurkawa 128, abin da ya fara juya zuciyar Amurka ga barin Jamus.

Athenia na kamfanin Donaldson ne na birnin Glasgow, girmansa kimanin tan 13,500, kuma tun 1923 yake jigila tsakanin Birtaniya da Kanada. Ya tashi daga Glasgow ranar 1 ga Satumba, ya biya Belfast da Liverpool, ya nufi Montreal da fasinja 1,103 da ma'aikata 315. Ya cika fiye da yadda ya saba, domin kowa na neman hanyar barin Turai: 'yan Kanada da Amurkawa masu komawa gida, ɗalibai, mata da yara, da Yahudawa da sauran masu gudun mulkin Nazi. Da labarin yaƙi ya iso wa kyaftin ɗinsa, James Cook, sai ya yi abin da hukuma ta umarci jiragen kasuwa su yi. Ya sa aka rufe tagogi, aka kashe fitilun waje, ya riƙa tafiya yana karkacewa dama da hagu don kada a saita shi.

Lemp ya hango shi da la'asar, ya nutsa, ya bi shi. Da misalin ƙarfe 7:40 na yamma, duhu ya fara shiga, fasinjoji na cin abincin dare, ya harba ba tare da gargaɗi ba. Tofido ɗaya ya sami jirgin a gefen hagu kusa da ɗakin inji, wuta ta ɗauke, ruwa ya fara shiga. Ba da jimawa ba mai kula da rediyon U-30 ya tsinci kiran neman agaji da Athenia ke aikawa, da sunansa a ciki. Lemp ya buɗe littafin rajistar jirage ya ga abin da ya harba. Bai tsaya ya taimaka ba, bai kuma aika wa hedikwata ko kalma ɗaya ba. Ya juya ya yi tafiyarsa.

Jirgin bai nutse nan take ba, ya yi kusan sa'o'i 14 a saman ruwa, kuma wannan ne ya ceci mafi yawan mutanen. Jiragen yaƙin Birtaniya sun zo, haka ma wani jirgin Norwe mai suna Knute Nelson, da jirgin shaƙatawa na wani attajirin Suwidin, da jirgin dakon kaya na Amurka, City of Flint. Wani abin takaici shi ne kaso mai yawa na waɗanda suka mutu a wajen ceton suka mutu. Wani kwale-kwale cike da mutane ya matso bayan Knute Nelson cikin duhu, farfelar jirgin ta ja shi ta farfasa, mutum kusan 50 suka halaka a nan. Adadin da aka fi ambata na mamatan shi ne 117, ko da yake wasu littattafai na cewa 112. Amurkawa 28 ne a ciki.

Wata yarinya 'yar Kanada mai shekara 10, Margaret Hayworth, ta cika a cikin City of Flint saboda raunin da ta samu a ka, jana'izarta kuma ta girgiza ƙasar, wadda ta shiga yaƙin ranar 10 ga Satumba. Jakadan Amurka a Landan, Joseph Kennedy, ya tura ɗansa mai shekara 22 zuwa Glasgow ya gana da waɗanda suka tsira. Wannan ɗan shi ne John F. Kennedy.

Ƙaryar da ta yi shekara shida

Musun farko da Jamus ta yi yana da ɗan uzuri. Ta rediyon Birtaniya hukumomin Balin suka ji labari, kuma tun da Lemp bai ce komai ba, ba su da tabbacin jirginsu ne. Duk da haka ranar 4 ga Satumba aka aika wa dukkan jirage sabon umarni daga Hitila cewa kada a taɓa jirgin fasinja ko da yana cikin ayari, abin da ke nuna sun yi zargin nasu ne.

Uzurin ya ƙare ranar 27 ga Satumba, da U-30 ya dawo Wilhelmshaven. Dönitz ya tare shi a bakin tasha, Lemp ya gaya masa shi ne ya nutsar da Athenia. Aka sa shi a jirgin sama zuwa Balin ya yi bayani ga manya. Hukuncin da aka yanke shi ne a binne maganar. Aka rantsar da ma'aikatan jirgin cewa ba za su faɗa wa kowa ba, aka cire shafin ranar daga kundin aikin jirgin aka sa wani. Ba a kai Lemp kotun soja ba, a bisa hujjar cewa da zuciya ɗaya ya yi kuskuren.

Sai kuma aka wuce musu aka koma ƙage. Ranar 22 ga Oktoba ministan farfaganda, Joseph Goebbels, ya hau rediyo ya ce Winston Churchill, wanda aka naɗa ministan rundunar ruwan Birtaniya a ranar da yaƙi ya fara, shi ne ya sa aka dasa bam a jirgin don a shafa wa Jamus baƙin jini a idon Amurka. Washegari jaridar jam'iyyar Nazi, Völkischer Beobachter, ta buga zargin a shafinta na farko. A lokacin shugaban rundunar ruwa, Admiral Erich Raeder, ya yi kusan wata guda da sanin gaskiya, ya ja bakinsa ya yi shiru. Daga nan maganar bam ɗin Churchill ta fito, kuma ta sami masu saurare, musamman a cikin Amurkawan da ke ganin an yaudare su zuwa yaƙin farko.

Asirin ya tonu a Janairun 1946, a shari'ar Nuremberg da aka yi wa shugabannin Nazi bayan yaƙi. Masu gabatar da ƙara sun kawo kundin U-30 gaban alƙalai. Shafin da aka sauya ya nuna jirgin yana wani wuri mai nisan kimanin mil 200 yamma da inda aka harbi Athenia, babu kuma ko ambaton harin. Amma wanda ya yi jabun ya yi sakaci: a shafin nan an rubuta kwanan wata da lambobin da muka saba, alhali a sauran shafukan kundin da lambobin Romawa aka rubuta. Sannan ga shaidar wani ma'aikacin jirgin, Adolf Schmidt, wanda ya faɗa hannun Birtaniya tun farkon yaƙi. Ya ce kafin a sauke shi daga jirgin Lemp ya kawo masa takardar rantsuwar rufe baki ya sa hannu, kuma ya riƙe alkawarin har yaƙi ya ƙare. Dönitz da kansa ya tabbatar da labarin a rubuce. Tun daga ranar babu sauran gardama a kan wanda ya harba.

Kuskure ne ko ganganci?

Abin da ya rage ana taƙaddama a kai shi ne abin da ke zuciyar Lemp. Shi dai ya ce ya ga babban jirgi ba fitila, yana karkace-karkace, ba a kan hanyar da jiragen fasinja suka saba bi ba, ya ɗauka jirgin fasinja mai makami ne. Masu karɓar wannan bayani suna da hujjoji masu ƙarfi. Irin waɗannan jirage ba tatsuniya ba ne: Birtaniya ta mayar da jiragen fasinja da dama haka, har da Letitia, 'yar uwar Athenia da aka ƙera su a kan zane ɗaya, wadda aka girka wa bindigogi a cikin wannan shekarar. Kuma halin Lemp a kwanakin da suka biyo baya bai yi kama da na mai neman jinin farar hula ba. Ranar 11 ga Satumba da ya nutsar da jirgin kaya Blairlogie, sai da ya bari mutanen suka shiga kwale-kwale, ya ba su abin sha da taba, ya tsaya kusa da su yana harba wutar alama don wani jirgi ya gan su.

Masu ɗora masa laifi suna cewa rashin tabbas ba izinin harbi ba ne. Ya bi jirgin sa'o'i, yana da lokacin da zai ƙara dubawa, bai ga bindiga ko ɗaya ba domin babu ita. A ranar farko ta yaƙi, da wuya a ce an riga an gama mayar da jirgin fasinja na yaƙi har ya kai tsakiyar teku. Suna ganin saurayi ne mai ɗokin ya zama na farko da ya buɗe fage, ya ga abin da yake son gani.

Duka biyun za su iya zama gaskiya a lokaci ɗaya, kuma hujjojin da ke hannu sun fi karkata ga cewa bai san jirgin fasinja ba ne sa'ad da ya harba. Sai dai wannan bai wanke shi daga abin da ya yi bayan ya sani ba. Ya bar mutum fiye da dubu a cikin teku da dare, ya kuma ɓoye wa shugabanninsa har na mako uku. Batun cewa Hitila ne ya ba da umarni kuwa, takardun rundunar sun nuna akasin haka. Laifin gwamnatin Nazi a wannan lamari yana cikin abin da ta yi daga 27 ga Satumba zuwa gaba, da saninta, kuma a matakin ƙoli.

Sauran aikin jirgin

Labarin Athenia ya rufe sauran tarihin U-30, amma jirgin ya fita sintirin yaƙi sau takwas cikin shekara guda. A wannan fitar ta farko, ranar 14 ga Satumba, ya tsayar da jirgin kaya Fanad Head bisa ka'ida, ya tura mutanensa ciki su ɗebo abinci su dasa nakiya. Suna cikin haka jiragen sama daga jirgin yaƙin Birtaniya HMS Ark Royal suka iso, domin Fanad Head ya riga ya aika saƙon rediyo. Matuƙan suka sauko ƙasa ƙwarai wajen sakin bam, har fashewar ta kakkaɓo biyu daga cikinsu, Jamusawa suka tsamo matuƙa biyu suka tafi da su fursuna. A nan Schmidt ya ji rauni, aka sauke shi a Reykjavik ta ƙasar Aislan, inda Turawan Ingila suka same shi da suka mamaye tsibirin a 1940. Wannan rana ta nuna wa kwamandojin Jamus matsalar ka'idar ganima: jirgin da ya fito fili ya tsaya bincike, a zamanin rediyo da jirgin sama, ya miƙa wuyansa ne.

Ranar 28 ga Disamban 1939 U-30 ya harbi babban jirgin yaƙi HMS Barham a yammacin Sikotilan. Bai nutse ba, amma ya yi watanni a wajen gyara. A farkon Janairun 1940 ya lallaɓa bakin tashar Liverpool ya shuka nakiyoyi, waɗanda suka nutsar da jirage huɗu cikin makonnin da suka biyo baya. Bayan Faransa ta faɗi, shi ne jirgin ƙarƙashin teku na Jamus na farko da ya shiga tashar Lorient, ranar 7 ga Yulin 1940. Samun tashoshin Faransa ya rage wa jiragen Dönitz ɗaruruwan kilomita na zagaye, ya ba su ƙarin kwanaki a fagen farauta. Jimillar abin da U-30 ya nutsar ita ce jiragen kasuwa 16 masu tan 86,490, da wani ƙaramin jirgin sintiri ɗaya. A Agustan 1940 aka ba Lemp ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na sojan Jamus, wata goma sha ɗaya bayan Athenia.

A Satumban 1940 aka janye jirgin daga fagen daga, aka mai da shi na koyar da sababbin ma'aikata a Tekun Baltik. A wannan aikin ya ƙare sauran shekarun yaƙin.

Inda Enigma ta shigo

Lemp ya koma wani sabon jirgi, U-110. Ranar 9 ga Mayun 1941 ya kai wa wani ayari hari a kudu da Aislan, jiragen rakiya suka yi masa ruwan bama-bamai masu fashewa a zurfi har ya fito sama dole. Ya umarci mutanensa su faɗa ruwa, yana zaton jirgin zai nutse. Bai nutse ba. Wani ƙaramin hafsa mai shekara 20, David Balme, ya jagoranci 'yan tsirarun sojoji daga jirgin yaƙin Birtaniya HMS Bulldog suka shiga ciki, suka kwaso na'urar Enigma, wadda Jamusawa ke juya saƙonninsu da ita zuwa rubutun sirri, da littattafan mabuɗanta. An kai su Bletchley Park, cibiyar masu warware sirri ta Birtaniya, inda suka yi amfani matuƙa. Lemp ya mutu a ruwa a ranar. Wasu daga cikin mutanensa sun ce harbe shi aka yi yana iyo zai koma jirgin, Turawan Ingila da ke wurin kuma sun musa.

Ke nan kwamanda ɗaya ne, jirage biyu. Wani fim na Amurka da ya fito a 2000 mai suna U-571 ya ƙara dagula lissafi, domin ya nuna sojojin Amurka ne suka yi wannan kamu, alhali a Mayun 1941 Amurka ba ta ma shiga yaƙin ba.

Abin da ya biyo baya

Abin da Balin ta fi tsoro bai faru ba. Amurka ta yi fushi amma ba ta ɗauki makami ba sai a Disamban 1941, bayan harin Japan. Tasirin da ya fi girma a Landan ya faru. Hukumar rundunar ruwa ta ɗauki harin a matsayin shaida cewa Jamus ta yi watsi da ka'ida tun ranar farko, ta gaggauta tsarin ayari. Cikin mako biyu ayarori sun fara tashi daga tashoshin Birtaniya, da Halifax ta Kanada, da Freetown ta Saliyo, inda jiragen da suka ɗauko kayan Afirka ta Yamma, har da gyaɗar Kano da kuzar Jos, kan taru su jira rakiya. Aka kuma shiga girka wa jiragen kasuwa bindigogi, aka umarce su da su sanar da duk inda suka ga jirgin ƙarƙashin teku. Jamus ta riƙe wannan hujja tana sassauta ka'idar mataki-mataki, har a Agustan 1940 ta ayyana dukkan ruwan da ke kewaye da Birtaniya a matsayin fagen da za a nutsar da kowane jirgi ba gargaɗi. Kowane ɓangare ya nuna ɗayan da yatsa cewa shi ya fara.

Kotun Nuremberg ta ɗaure Raeder rai da rai, ko da yake an sake shi a 1955, ta ba Dönitz shekara goma. Amma ta ce hukuncin Dönitz bai dogara a kan karya dokar yaƙin ƙarƙashin teku ba, domin Admiral Chester Nimitz na Amurka ya ba da shaida a rubuce cewa su ma haka suka yi wa jiragen Japan tun ranar farko. A aikace, ka'idar ganima ba ta tsira daga wannan yaƙi ba a hannun kowa.

Daga cikin jirage goma na samfurin U-30 na farko, takwas sun halaka a yaƙin. Shi da U-29 kaɗai suka kai 1945, kuma janye su daga fagen daga da wuri ne ya sa. A farkon watan Mayun shekarar, bayan Hitila ya kashe kansa Dönitz ya gaje shi, ma'aikatan U-30 suka buɗe masa ruwa suka nutsar da shi a wani lungun teku kusa da Flensburg, don kada ya faɗa hannun abokan gaba. A 1948 aka tsamo gangar jikinsa aka yayyanka ta a matsayin tsohon ƙarfe.